HandBrake a shagon turin bidiyo: abin da take iyawa da inda take gazawa a Damagaram

Duk mai zama a shagon turi ko ɗakin haɗa bidiyon biki a Damagaram ya san wannan dawowar. An ɗauki biki, an haɗa, an zuba a kile, wato filashin USB, an biya kuɗin aiki. Bayan kwana biyu sai ga uwar amarya daga Birni ko Garin Malam, da kilen a ƙulle a bakin mayafi: "Ɗana, abin nan bai yi ba. Murya na fita, amma allon baƙi ƙirin." Yaron shago ya soka kilen a kwamfuta, manhajar kallon bidiyo ta VLC ta buɗe bidiyon tas, ya ce: "Hajiya, ga shi yana yi. Telenku ce ke da matsala." Babu maƙaryaci a cikinsu. VLC tana ɗauke da abin warware kusan kowane irin bidiyo a jikinta, talabijin ɗin Hajiya kuwa iri biyu ko uku kawai ta sani. Shi ya sa gwaji da VLC ba ya nuna wa mai shago komai game da abin da zai faru a ɗakin mai kaya.

Manhajar da ta fi dacewa da kashe wannan rigima ita ce HandBrake. Kyauta ce, ko dala ba a biya, ba ta da talla, ba ta buga tambarinta a kan hoto, kuma da zarar an saka ta ba ta buƙatar intanet. Wani Bafaranshe, Eric Petit, ya fara rubuta ta a 2003, tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma a shafinta na handbrake.fr ya kamata a sauko da ita. Hukuncina a kanta a taƙaice: wajen fitar da MP4 da zai buɗe a mafi yawan talabijin da wayoyi, da wuya a sami kamarta. Amma ba za ta iya riƙe shago ita kaɗai ba a garin da har yanzu ake da ƙananan wayoyi masu maɓallai da tsofaffin na'urorin DVD masu bakin kile.

Kafin maganar manhajar, sai an warware wani ruɗani, domin a nan rabin ɓarnar take. Haruffan da ke bayan ɗigo a sunan fayil, su mp4, mkv, avi, mov, 3gp, suna nuna mazubi ne kawai. Buhu ne. Abin da ke cikin buhun, wato salon da aka matse hoton da muryar, shi ake kira kodek, kuma shi na'ura ke fama da shi. Mai injin niƙa ba ruwansa da launin buhu, abin da ya dame shi gero ne a ciki ko masara. Fayil biyu na iya ƙarewa da mp4, ɗaya hotonsa H.264 ne, ɗayan H.265. Talabijin da aka ƙera kafin H.265 ya yaɗu za ta buɗe buhun ɗin, ta gane muryar, ta kasa gane hoton. Wannan shi ne baƙin allon Hajiya. H.264 ya fito a 2003, ya shiga kusan kowace na'ura mai allo. H.265 ya fito a 2013, yana matse bidiyo fiye da wansa, amma akwatunan da ba su san shi ba suna nan da yawa a gidajen mutane.

Daga nan kuma za a gane dalilin da ya sa dabarar sauya suna ba ta aiki. Akwai masu goge mkv su rubuta mp4 da hannu, su ce sun juya fayil. Kama da wane ba ta wane. Abin da ke ciki bai canza ba, ɗinkin buhun ma bai canza ba. Wani lokaci talabijin da a da take ɓoye fayil ɗin sai ta nuna sunansa a jeri, a danna, ta rubuta da Faransanci ko Turanci cewa ba ta gane shi ba. Wuri ɗaya ne sauya suna ke halasta: m4v zuwa mp4, domin mazubi ɗaya ne mai suna biyu. Wannan ya shafi HandBrake kai tsaye. A Windows, idan an bar ta ta zaɓa da kanta, takan sa wa fayil m4v idan yana ɗauke da babi-babi ko muryar AC3, kuma akwai talabijin da ba su nuna m4v a jerinsu sam. A shiga saitin manhajar, ɓangaren fayilolin fitarwa, a ce mata kullum ta rubuta mp4. Aiki ne na sau ɗaya. A kuma sa Windows ta daina ɓoye ƙarshen sunayen fayil, tunda haka take zuwa daga kamfani, kuma mai aikin bidiyo ba shi da dalilin yin aiki a makance.

HandBrake ta daɗe tana fitar da MP4 da MKV, daga baya aka ƙara WebM. Na ukun na shafukan intanet ne, mai shago ya manta da shi. Tsakanin na farko da na biyu kuwa, MP4 shi ne na abokin ciniki, MKV na ma'ajiyar shago. MKV, wanda aka fara a 2002, mazubi ne mai faɗi: yana ɗaukar muryoyi da yawa, da rubutun fassara kowane iri, shi ya sa finafinan waje da ake saukowa da su galibi a cikinsa suke zuwa. Sai dai iPhone ba ta buɗe shi sai da wata manhaja, kuma talabijin masu araha wasu sun san shi wasu ba su sani ba.

Ga saitin da ya fi tsira a gidajen mutane. A buɗe fayil, a zaɓi shirin da ake kira Fast 720p30, wato hoto mai tsayin layi 720, daga jerin gama-gari. Shi da kansa zai sa MP4, hoto H.264, murya AAC mai hanya biyu. Sai a gyara abu uku. Na farko, a shafin bidiyo, a bar yawan hotuna a daƙiƙa daidai da na asali, a kuma zaɓi tsayayye maimakon mai sauyawa. Wayoyi kan ɗauki bidiyo da gudu mai hawa da sauka, musamman da dare ko cikin ɗaki mai duhu, kuma wasu na'urori ba su iya bin wannan, sai ka ga bakin mai wa'azi ya rufe murya na ci gaba, tazarar tana ƙaruwa yayin da bidiyon ke tafiya. Kamarorin da aka saita a tsarin yankinmu kan ɗauki hotuna 25 ko 50 a daƙiƙa, wayoyi kuma 30, babu amfanin tilasta wa ɗaya ya koma ɗayan. Na biyu, a tabbata an zaɓi H.264 na x264 zalla, wato injin matsin da ke cikin manhajar, ba wanda aka rubuta wa 10-bit ba. Sunayen suna kusa da juna a jerin, hannu kan zame, kuma H.264 mai bit goma kusan babu talabijin ko wayar da guntun lantarkin cikinta, wato chip, ke warware shi. Na uku, a danna akwatin Web Optimized. Abin da yake yi shi ne ɗauko jadawalin fayil daga ƙarshe ya kawo shi farko, domin bidiyo ya fara tafiya kafin a gama sauke shi duka.

Wajen ingancin hoto, HandBrake tana aiki da wata lamba da ta kira RF, kuma a juye take: ƙaramar lamba, hoto mai kyau, fayil mai nauyi. Masu manhajar sun ba da shawarar 18 zuwa 22 ga hoto irin na DVD, 19 zuwa 23 ga 720p, 20 zuwa 24 ga 1080p. A x264, ƙara shida a kan lambar yana rage girman fayil da kusan rabi. Ga bidiyon biki na fi son 21 ko 22. Dalili kuwa, bikinmu abu ne mai wahalar matsewa: atamfa da leshi masu ƙananan zane, shadda mai ƙyalli, rawa, kamara a hannu tana girgiza, ga ƙura a iska, ga fitilar dare mai sa hoto ya yi tsaki-tsaki. Duk waɗannan suna cin wuri. Idan aka kai lambar 26 ko 28 don a rage nauyi, fuskar amarya za ta tsira, amma zanen zaninta zai narke ya koma dabbare-dabbare da zarar ta motsa. Karatun malami a zaune gaban bango kuwa yana jure 24 ko 25 ba tare da an lura ba.

Matsalar RF ita ce ba ta gaya maka girman fayil tun da wuri. Idan girman ne ya dame ka, sai ka koma ga matsakaicin yawan bit a daƙiƙa ka yi lissafi. Lissafin ba shi da wuya: a haɗa na hoto da na murya, a ninka da yawan daƙiƙu, a raba da takwas. Hoto a kilobit 1500 da murya a 128 sun zama 1628, awa ɗaya daƙiƙa 3600 ce, sakamakon ya kama kilobait 732,600, wato kusan mega 730. A 480p, hoto 700 da murya 96, awa ɗaya ta tsaya wajen mega 360. A 1080p mai 4000, awa ɗaya ta kusa giga 1.9. Akwai iyakoki biyu da ya kamata su zauna a kan mai shago. WhatsApp yana karɓar fayil har giga 2 idan an tura shi a matsayin takarda, kuma ta wannan hanyar ba ya sake matse shi. Don haka bikin awa biyu da za a aika wa ƴan uwa a Kano ko Agadas ko Libiya, a sa hoton a 1900, muryar a 128, zai tsaya ƙasa da iyakar. Ɗaya iyakar ta kile ce.

Maganar kile tana buƙatar tsayawa, domin sau da yawa bidiyon lafiya lau yake, kilen ne talabijin ba ta gani. Tsarin shirya kile da ake kira FAT32 shi ne wanda kusan kowace talabijin da rediyon mota da na'urar DVD ke karantawa, amma ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai giga 4. Kile mai giga 32 na iya kasancewa wayam, ka jefa masa fayil mai giga 5, kwamfuta ta ce ya yi girma. Sai mai shago ya wanke kilen ya mayar da shi exFAT ko NTFS, fayil ya shiga, a kai gida, tsohuwar talabijin ta ce babu kile a jikinta. Katin waya da ya wuce giga 32 ma da exFAT yake zuwa daga masana'anta. Hanya mafi aminci ita ce a bar kile a FAT32 a matse bidiyo ƙasa da giga 4. Bikin awa uku zai shiga idan hoton yana 2600 muryar 128. Idan ya fi haka tsawo, a raba shi: kamu daban, ɗaurin aure daban, kai amarya daban. HandBrake tana ba da damar zaɓar daga daƙiƙa kaza zuwa daƙiƙa kaza, a jera kowane yanki a layin aiki, a bar ta tana yi.

Akwai kuma katin jabu, wanda aka rubuta wa giga 64 alhali cikinsa bai fi 8 ba. Alamarsa ita ce fayilolin farko suna buɗewa, na baya suna nan da sunansu da girmansu amma ba su buɗewa. Babu saitin da ke maganin wannan. Ƙaramar manhajar H2testw tana cika katin ta sake karantawa ta faɗi gaskiyar girmansa, kuma ya fi kyau a gwada kafin a zuba wa mutum bikin ƴarsa.

Inda HandBrake ta fi burge ni shi ne tsofaffin faifan DVD. Gidaje da yawa a Zango da Sabon Gari suna da faifan biki ko na saukar Alƙur'ani ko na hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, an ajiye a akwati, zafi da ƙura suna cinsu. A cikin faifan, bidiyon a yanke yake gunduwa-gunduwa, fayilolin VOB da kowanne bai wuce giga ɗaya ba. Wanda ya kwafe su ɗaya-ɗaya zai sami guntaye masu yankewa a tsakiyar magana. HandBrake kuwa idan aka nuna mata jakar VIDEO_TS gaba ɗaya, tana karanta jadawalin faifan ta fitar da bidiyo ɗaya a haɗe. A zaɓi Fast 576p25, tunda hoton faifan yankinmu 720 ne a 576. A duba shafin matatai a tabbata Decomb na kunne, shi ke share layukan nan masu kama da haƙoran matsefi da ke fitowa a gefen mutum idan ya motsa. Kada a ɗaga hoton zuwa 1080p. Abin da kamara ba ta ɗauka ba, babu manhajar da za ta ƙirƙiro shi, nauyi kawai za a ƙara.

Bidiyon iPhone ma tana gyara shi da kyau. Tun 2017 iPhone ke ɗauka da H.265 a cikin mazubin MOV, sababbinta kuma suna ƙara wani tsarin haske mai faɗi wanda idan aka juya shi kai tsaye launuka ke fitowa a koɗe kamar atamfar da ta sha rana. A shafin matatai akwai wurin zaɓar tsarin launi, a sa BT.709, launin zai dawo daidai. Bidiyon da aka ɗauka a tsaye kuwa, waya ba ta juya hoton da gaske, alama kawai take sawa a fayil ɗin cewa a juya shi lokacin kallo. Talabijin da ba ta karanta alamar sai ta nuna mutane a kwance. Bayan an bi da shi ta HandBrake juyin ya zama na dindindin.

Yanzu ga inda take gazawa, kuma gazawar ba ƙarama ba ce ga kasuwarmu. Ba ta fitar da AVI, an cire shi tun 2009. Ba ta fitar da 3GP. Na'urorin DVD masu bakin kile, waɗanda aka rubuta wa DivX a goshi, galibi AVI suke so, hoto Xvid ko DivX, murya MP3, faɗin hoto kada ya wuce 720. Ba su san H.264 ba ko da an zuba shi cikin AVI. Ƙananan wayoyi masu maɓallai, waɗanda mutanen karkara ke kawowa ranar kasuwa daga wajen Mirya ko Matamaye a zuba musu wa'azi da waƙa, suna son 3GP ko MP4 mai sauƙi, hoto 320 a 240, wasu ma 176 a 144. A wannan girman, awa ɗaya ba ta wuce mega 135 ba idan jimillar ta tsaya a kilobit 300. Ana iya lallaɓa HandBrake ta fitar da MP4 mai tsohon kodek na MPEG-4 a ƙaramin hoto, wasu wayoyin su karɓa, amma aikin lalube ne. Ga waɗannan biyun dole a ajiye wata manhajar juya bidiyo, Format Factory ko FFmpeg, a gefe.

Gazawa ta biyu: kullum sai ta sake matse hoto. Ba ta iya ɗauko hoto daga wannan buhu ta zuba a wancan yadda yake. Ke nan idan fim ya zo a MKV amma cikinsa H.264 da AAC ne, abin da yake buƙata sauyin mazubi ne kawai, aikin da FFmpeg ke gamawa cikin minti ɗaya ko biyu da umarnin ffmpeg -i fim.mkv -c copy fim.mp4, ba tare da hoton ya ragu ko kaɗan ba. HandBrake za ta ɗauki lokaci mai tsawo a kan fayil ɗin nan, ta kuma rage masa kyau, domin kowane matsi yana zubar da wani abu da ba ya dawowa. Haka idan hoton yana fita murya ce babu, galibi muryar AC3 ce ko E-AC3 ko DTS, wadda wasu wayoyi da manhajoji ba su karantawa. Muryar kaɗai ya kamata a juya zuwa AAC a bar hoton. Manhajar Avidemux na yin wannan, tana kuma haɗa guntaye biyu su zama ɗaya, abin da HandBrake ba ta yi ko kaɗan. Don sanin abin da ke cikin fayil kafin a taɓa shi, manhajar MediaInfo tana faɗa cikin daƙiƙa: mazubi, kodek na hoto, na murya, da zurfin bit.

Sai maganar kwamfuta. Sababbin fitowar HandBrake suna buƙatar Windows 10 ko sama, mai bit 64, da ƙarin wani kunshin .NET na Microsoft da za a sauko da shi daban. Wanda kwamfutarsa mai bit 32 ce, 1.0.7 ce ta ƙarshe da za ta yi masa aiki. Kuma x264 yana kama dukan ƙarfin kwamfuta ya riƙe har a gama. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40, kwamfutar cinya da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka za ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, wata ma ta mutu a tsakiyar aiki. A ɗaga ta daga kan tebur iska ta shiga ƙasanta, a busa ƙurar fankar, a jera manyan ayyuka su tafi da dare. Idan kwamfutar tana da guntun Intel mai QSV ko katin Nvidia mai NVENC, wato sassan da ke matse bidiyo da kansu, za su bayyana a jerin kodek. Sun fi sauri nesa ba kusa ba, ba su kuma zafafa na'ura kamar x264, amma fayil ɗinsu ya fi nauyi kafin ya kai kyan na x264. Ga turin yau da kullum sun wadatar, ga bikin da za a ajiye shekaru a bar x264.

Ɗaukewar wuta tana da nata hukunci a kan MP4. Jadawalin da ke gaya wa na'ura inda kowane hoto yake, sai an gama aiki ake rubuta shi. Idan wuta ta tafi saura minti biyar a gama aikin awa biyu, fayil ɗin zai nuna girmansa amma ba zai buɗe ba. HandBrake tana tuna layin ayyukan da suka rage idan an sake kunna ta, sai dai wanda ya katse daga farko zai soma. Wannan ƙarin dalili ne na yanka dogon biki kashi uku ko huɗu, da kuma fifita kwamfuta mai batir mai rai a kan ta tebur da ba ta da abin riƙe wuta.

H.265 yana nan cikin jerin, wani sabon kodek mai suna AV1 ma an ƙara shi a ƙarshen 2022, kuma suna da jan hankali ga mai son cusa finafinai da yawa a kati ɗaya. A ajiye su don ma'ajiyar shago ko don wanda ya zo da waya sabuwa aka gwada a gabansa. Wayar da guntunta bai san H.265 ba za ta yi ƙoƙarin warware shi da ƙarfin tsiya: hoto na tsalle, bayanta na zafi, batir na zuba.

A saman manhajar akwai maɓallin gwaji da ke matse daƙiƙa talatin ko sittin kawai da saitin da aka zaɓa. Mafi kyau ma, a yanke minti ɗaya daga wurin da ya fi motsi, wajen rawa ko hawan dawaki, a fitar da shi, a zuba a kilen mai kayan. Shagon da ya ajiye tsohuwar talabijin mai bakin kile, da na'urar DVD ɗaya, da ƙaramar waya mai maɓallai a kan teburinsa, a nan zai gwada guntun. Kafin a fara aikin kuma a tambayi mai kayan: "Hajiya, a me za a kalla, a tele ko a waya? Telen da kanta ake soka mata kilen, ko ta DVD ake bi?" Idan ta ce duka biyun, a fitar da MP4 mai H.264 a 720p, a ƙara AVI mai Xvid a faɗin 640, a sa su a jaka biyu cikin kile ɗaya mai FAT32, a rubuta sunan kowace jaka da haruffan boko marasa lanƙwasa, domin wasu talabijin ba su iya nuna ƙ da ɗ da ƴ.